Wa Ke Tuna Makaɗi? Shata, Barmani da Waɗanda Ba a Rubuta Ba a Kudancin Katsina

Ranar 20 ga Afrilu 1992 mutum kimanin 72,000 suka cika filin wasa na Wembley a Landan domin tuna Freddie Mercury, jagoran ƙungiyar kiɗan rok ta Queen, haifaffen Zanzibar, wanda ya rasu watanni biyar kafin nan. An watsa taron kai tsaye zuwa ƙasashe da dama, kuɗin da aka samu kuma aka kafa gidauniyar yaƙi da cutar ƙanjamau da shi. Shekara bakwai bayan haka, ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, Alhaji Mamman Shata ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa salla, aka rufe shi kamar yadda ake rufe kowane Musulmi. Jama'a suka yi ta'aziyya, gidajen rediyo suka yi ta saka waƙoƙinsa, kowa ya koma harkarsa.

Mai saurin yanke hukunci zai ce Turawa sun san darajar mawaƙansu, mu ba mu sani ba. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Bahaushe yana da hanyarsa ta tuna makaɗin da ya rasu, hanya ce kuma mai ƙarfi a wajen addu'a da sauraro. Inda take da rauni shi ne adanawa. Raunin nan bai cika cutar da irin su Shata ba, domin shahararsu ta kare su. Waɗanda yake haɗiyewa su ne 'yan amshi, da makaɗan da ke bayan mawaƙi, da makaɗan karkara na yankuna irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda rashin tsaro ya watsa tarukan da kiɗansu ya dogara da su.

Yadda duniyar rok ke yi da matattunta

Kiɗan rok ya girma tare da kamfanonin faifai, saboda haka tuna matattunsa ya zama sana'a tun da wuri. Elvis Presley ya rasu ranar 16 ga Agusta 1977. A 1982 aka buɗe gidansa, Graceland, a birnin Memfis ga masu ziyara, kuma har yau dubban ɗaruruwan mutane ne ke biyan kuɗi su shiga kowace shekara. A daren zagayowar rasuwarsa masoya kan yi jerin gwano da kyandir zuwa kabarinsa. An harbe John Lennon a Niyok ranar 8 ga Disamba 1980, aka keɓe masa wani yanki a babban lambun birnin a 1985. Kabarin Jim Morrison a Faris ya zama wurin yawon buɗe ido. Har mutuwar ƙuruciya an mai da ita abin talla: Jimi Hendrix da Janis Joplin a 1970, Morrison a 1971, Kurt Cobain a 1994, duk sun mutu suna da shekara 27, kuma wannan daidaituwa ta haifar da littattafai da fina-finai masu yawa.

Ba sai an tsallaka teku ba. Fela Kuti ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, a shekarar da ta biyo 'yarsa Yeni ta fara bikin Felabration a Legas, a 2012 kuma aka mai da gidansa na Ikeja gidan tarihi. Kusa da mu ma, Jamhuriyar Nijar ta sa sunan Ɗan Gurmu a gasar kiɗa ta ƙasa tun shekarun 1980, ta kuma sa sunan Alhaji Taya a cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai.

Abin lura a nan ba kyandir ba ne. A ƙarƙashin duk wannan shagali akwai wani aiki marar daɗin kallo da ake yi: ana ajiye asalin faifan da aka naɗa, ana rubuta ranar da aka naɗe shi, da wurin, da sunan wanda ya kaɗa kowane abin kiɗa, ana kuma bin kuɗin da waƙa ta samar har ya isa ga magada. Mai son ya san wanda ya kaɗa ganga a wata waƙar Queen ta 1975 zai sani cikin minti ɗaya. Wannan ɓangaren ne ya kamata ya ba mu kishi, ba ziyarar kabari ba.

Abin da ya hana mu kwaikwayo

Dalili na farko addini ne, kuma ba abin neman afuwa ba ne. Musulmin ƙasar Hausa ba ya gina kabari, ba ya sassaƙa mutum-mutumi, ba ya kuma mai da ranar mutuwa ranar rawa. Abin da yake wa mamaci shi ne salla da addu'a da sadaka. Idan aka saka waƙar Shata a tasha, abin da ke fara fitowa daga bakin mai sauraro shi ne Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya raina wannan bai fahimci abin da Bahaushe ke ɗauka a matsayin gata ga mamaci ba.

Amma kada a ce Musulunci ya hana tuna mamaci da fasahar harshe. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, da ga mijinta Waziri Giɗaɗo, da ga wasu mata na kusa da ita. Al'adar yaba wa wanda ya rasu da zayyana halayensa tsohuwa ce a gidan malamai. Tambayar ita ce wa ake ganin ya cancanci a yi masa.

A nan dalili na biyu ya shigo, wato matsayin makaɗi. M. G. Smith ya nuna a binciken da ya buga a 1957 a kan roƙo cewa maroƙa da makaɗa suna ƙasan tsanin daraja a tsarin zaman Hausawa, ko da kuwa sarakuna ba sa iya yi ba tare da su ba. Masu jihadi ma sun yi suka mai zafi ga kiɗan fada, kodayake Veit Erlmann ya nuna a littafinsa na 1986 cewa ra'ayinsu bai tsaya wuri ɗaya ba, an tsananta a wani lokaci an sassauta a wani. Shata kansa bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa roƙo ne. Yaron da aka haifa a Musawa a 1923 ya yi tallan goro da alewa kafin ya bijire ya bi kalangu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON, amma mutanen da suka yi alfahari da ya ambaci sunansu a waƙa, da yawansu ba za su ba makaɗi 'yarsu ba.

Ga kuma abin mamaki. A ƙasar Hausa makaɗi shi ne ma'ajiyar sunan wasu. Matasan yau sun san ɗan dambe Shago ne saboda Ɗan'anace. Hassan Sarkin Dogarai da Garba Bichi da Mamman Ɗa suna bakin mutanen da ba su taɓa ganinsu ba saboda Shata. Sarkin Gobir na Isa Amadu ya rayu a kunnen jama'a saboda Narambaɗa. Makaɗi kamar magini ne da ya gina wa gari duka soraye, shi kuwa yana kwana a rumfa. Ya tanadi hanyar da za a tuna kowa, ba a tanadi hanyar da za a tuna shi ba, sai abin da ya faɗa game da kansa. Ina ganin shi ya sa manyan mawaƙa ke da bakandamiya, waƙar da mawaƙi ke wasa kansa a ciki: ya san in bai yi ba, babu mai yi masa.

Littattafai biyu daga yanki ɗaya

Shata ya zauna Bakori, sannan ya koma Funtuwa a 1960 ya yi kusan shekara arba'in a can. Funtuwa ce babbar kasuwa da mahaɗar hanyoyin wannan yanki, ita ce garin da mutumin Faskari ko Sabuwa ke nufa idan ya ce zai shiga gari, kuma auduga da hatsin ƙauyukan nan ne suka yi attajirai da direbobin da Shata ya yi ta wasawa. Don haka ba abin mamaki ba ne da manyan masu rubuta tarihinsa suka fito daga nan.

A 2006 aka fitar da Shata Ikon Allah!, wanda Ibrahim Sheme, ɗan jarida daga ƙaramar hukumar Faskari kuma mawallafin mujallar Fim, ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Daga baya Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya fitar da nasa, Mahadi Mai Dogon Zamani. Kafin su, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, lokacin mawaƙin yana tsakiyar tashensa. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa da jerin Diwanin Waƙoƙin Baka, jami'ar kuma ta shirya tarukan ƙasa da ƙasa a kan Shata da Narambaɗa.

Wannan shi ne irin karramawar da ta dace da mu, kuma ta fi kowane gini amfani. Ba ta saɓa wa addini ba, ba ta buƙatar tikiti. Sai dai a duba yadda aka yi ta. Aikin mutane ɗaiɗaiku ne masu sha'awa, da suka bi tsofaffi gida gida suna tambaya: wace shekara aka yi wannan waƙa, a gidan wa, wane ne wanda aka ambata a ɗiya na kaza. Aliyu Ƙanƙara ma ba daga sashen Hausa ya fito ba, masanin kimiyyar ƙasa da duwatsu ne. Da waɗannan mutane sun jinkirta shekara goma, da rabin waɗanda suka ba su labari sun bi Shata. Al'ummar da tarihin babban mawaƙinta ya dogara da sa'ar samun mutum huɗu masu naci ba za ta ce tana da tsari ba.

Idan Shata ya sami wannan, Hajiya Sa'adatu Barmani Coge fa? Ita ma 'yar ƙasar Funtuwa ce, ta rasu a watan Maris 2013. Da ƙwarya da amshin mata ta yi amada ta shiga gidajen da kalangu ba ya shiga, ta yi wa matan kulle magana a kan sana'a da kishi da neman na kai, cikin barkwancin da ba kowane namiji ke jurewa ba. An yi nazarce-nazarce a kanta a jami'o'i, amma mafi yawan abin da ta rera a bukukuwan cikin gida ba wanda ya naɗa, domin masu na'ura a lokacin maza ne, ba su kuma da hanyar shiga. Matan da suka kaɗa mata ƙwarya suka karɓa mata, su ne kaɗai suka san sauran.

Waɗanda ba su kai rediyo ba

Duk waƙar Shata da muke ji aikin ƙungiya ce. Akwai masu kalangu, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira da ke gabatar da shi yana shela. Sautin da ke sa mutum ya gane waƙar Shata kafin ya buɗe baki daga hannun wasu yake fitowa. A tambayi masu sauraro goma sunan makaɗi ɗaya daga cikinsu a ga nawa za su amsa. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, wanda ƙarfin waƙarsa ke cikin yadda 'yan amshi ke karɓe zance suna ƙarasawa. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, shi ne kusan kaɗai ya tsira daga wannan rashin adalci, saboda daga shi sai kuntiginsa.

Ƙasa da waɗannan akwai wani rukuni mafi girma. Kowace sana'a ta Bahaushe tana da kiɗanta: gangar noma a wajen gayya, kalangu ga mahauta, dundufa ga maƙera, kiɗan farauta, kiɗan 'yan tauri, kiɗan dambe da kokawa bayan kaka, kiɗan 'yanmata a dandali. David Ames da Anthony King sun jera waɗannan a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971. Makaɗin noma na ƙauye ya san taken kowane gida, ya san kirarin kakan kowane manomi, ya san wanda ya ci gayya a shekarar da aka yi fari. Tarihin ƙauyen da babu littafin da ya ɗauka yana kansa. Bai taɓa zuwa Rediyon Kaduna ba, babu kamfanin da ya buga masa faifai. In ya rasu, abin da ke riƙe waƙarsa shi ne ɗansa da ya gaje shi da taron da zai sake neman a yi ta.

Wannan taron ne ya lalace a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. A watan Yunin shekarar an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun, an kuma taƙaita harkar kasuwannin dabbobi. Ƙauyuka sun tashi, an bar gonakin da ke kusa da daji, biki ya koma na rana tsaka a gaggauce. Ba a yin gayya a gonar da ake tsoron zuwa, ba a yin dandali a garin da ake kulle ƙofa da magariba. Ɗan makaɗi da ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Zariya ya kama acaba ba zai koyi taken gidajen da suka watse ba.

Na san za a ce mutanen da ke binne 'yan'uwansu ba su da lokacin ganga. Gaskiya ne, rai ya fi kiɗa. Amma ba a cewa a bar tsaro a kama kiɗa. Abin da ake cewa shi ne, cikin asarar da aka yi akwai wadda ba a ƙirga ba, kuma ita ce wadda ba ta dawowa ko an sami zaman lafiya gobe. Ana sake gina rumbu. Tsohon da ya san kirarin zuriya bakwai in ya tafi ya tafi da shi.

Yabo ko tarihi

Akwai wata matsala da duk mai rubuta tarihin makaɗi zai ci karo da ita. Tarbiyyarmu ta ce a ambaci alherin mamaci a rufe sauran. Ladabi ne mai kyau a zaman makoki. A fagen nazari kuwa yana iya mai da mutum waliyyin da bai taɓa cewa shi ne ba. Shata ya yi waƙar giya, ya yi zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi, ya shiga siyasa ya yi rigima a cikinta. Ya kuma yi waƙar yabon Annabi, ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasa, ya yi wa kumbon Afolo waƙa. Makaɗi Kassu Zurmi kuwa ya wasa 'yan tauri da ɓarayi. Wanda ya share ɓangaren giya da zambo da wasa ɓarayi don ya kare mutuncinsu ya share shaidar yadda zamaninsu yake, kuma waƙar da ta wasa ɓarawo jiya tana da abin da za ta gaya wa mai neman fahimtar yadda ake wasa ɗan bindiga yau.

Duniyar rok ta karkata ɗaya gefen, ta mai da shaye-shaye da mutuwar ƙuruciya ado. Ba wannan nake nema ba. Abin da nake nema shi ne a bar addu'a a wurinta, a bar bincike a wurinsa. Ana iya roƙa wa mutum gafara a kuma rubuta abin da ya yi daidai yadda ya yi shi.

Kaset da haƙƙin magada

Mafi yawan muryoyin makaɗan ƙarni na 20 suna kan zaren maganaɗisu ne, a ma'ajiyar gidajen rediyo irin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da kuma kaset-kaset na hannun jama'a. Zaren nan yana lalacewa da zafi da danshi da ƙura. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta irin wannan zare suna ƙarewa, kayan gyaransu kuma ba a ƙera su. Abin da ke yawo a wayoyi da YouTube da Facebook kuwa kwafin kwafi ne, sau da yawa an yanke farko ko ƙarshe, babu shekara, babu wuri, wani lokaci ma da hoton wani mawaƙin daban. Mai tura waƙoƙi a kasuwa ya taimaka wajen rayar da su, ba a musun wannan, amma yawo ba adanawa ba ne.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare aikin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitar da shi. A kan wannan lissafi waƙoƙin Shata suna da kariya har ƙarshen 2069, na Barmani har 2083. Sai dai doka ba ta aiki ga abin da ba a san mai shi ba. Kafin magada su nemi haƙƙi sai an san wace waƙa ce, yaushe aka naɗe ta, wa ya naɗa, da wace yarjejeniya. Wato rubuta bayanan waƙa ba sha'awar malaman jami'a ba ce kawai, shi ne matakin farko na sa wani abu ya shiga hannun marayu da zawarawan makaɗa, waɗanda yawanci ba a tunawa da su bayan sadakar arba'in.

Jihar Katsina tana da Hukumar Tarihi da Al'adu, tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, kuma kowace shekara ɗalibai daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna neman batun kundin kammala digiri. Maimakon a sake nazarin salon da aka riga aka yi wa kundi ashirin a waƙoƙin Shata, a tura kowane ɗalibi ga tsohon makaɗi ɗaya ko tsohuwar zabiya ɗaya daga garinsu. Da yawa daga cikin tsofaffin nan ma yanzu suna zaune a Funtuwa da Malumfashi da cikin Katsina, ba sai an shiga daji ba. Ɗalibin ya naɗi muryarsu da wayar hannunsa, ya rubuta sunansu da na wanda suka gada da na 'yan amshinsu, da taken da suke kaɗawa da wanda ake kaɗa wa, a ajiye kwafi a jami'a, a ba iyalin kwafi. Ina kira ga shugabannin sassan Hausa na waɗannan jami'o'i da su sa wannan cikin batutuwan kundi tun daga zangon karatu mai zuwa.